Haidurojin da buhun yuriya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da wuya mako ya wuce ba a turo mini bidiyon wata mota da aka ce tana tafiya da ruwa ba. Wani lokaci janareta ne, an ɗaura masa kwalba da wayoyi, mai bidiyon yana rantsuwa cewa shi da gidan mai sun raba gari. Da yake an san ni da koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare, sai a haɗo da tambaya: "Malam, wai wannan gaskiya ne?" Ba na ganin laifin masu tambaya. Wanda yake sayen lita a kuɗin da muke saya yanzu dole ya kasa kunne ga duk wanda ya ce akwai mafita.

Amsa a taƙaice ita ce ruwa ba ya cin wuta, ba ya kuma tuƙa inji. Amma a cikinsa akwai wani sinadari mai cin wuta ƙwarai, sunansa haidurojin, kuma manyan ƙasashe suna zuba biliyoyin daloli a kansa. Maganarsa ta cancanci a zauna a warware ta, domin inda bidiyoyin nan suke nuna mana ba can ne amfaninsa yake ba.

Duk shekara ina yi wa 'yan aji biyar wani ɗan gwaji da ba ya buƙatar kayan arziki. Fensir biyu nake feƙewa ta kowane baki, in tsoma su a kofin gilashi mai tataccen ruwan kanwa, in jona bakinsu na sama da ƙaramin batir mai bolt 9. Ba na sa gishiri, don yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe mutum. Kafin minti guda sai ka ga ƙananan kumfa sun taru a bakin fensiran, suna tashi sama a jere. Ɗaya fensirin ya fi ɗaya kumfa nesa ba kusa ba. Mai yawan shi ne haidurojin, ɗayan kuwa oksijin ne, iskar da muke shaƙa. Idan aka kifa ƙaramar kwalbar gwaji aka tara mai yawan, aka kusanto da ashana, sai ka ji "fau!" Yaran su ja da baya, sannan su matso su leƙa. Abin da za su tarar a jikin kwalbar ɗan raɓa ne kawai. Babu hayaƙi, babu baƙi. Ruwa aka raba, da ya ƙone kuma ya koma ruwa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. William Nicholson da Anthony Carlisle sun raba ruwa da lantarki a Ingila tun 1800. A 1839 William Grove ya juya abin: ya haɗa haidurojin da oksijin ba tare da wuta ba, lantarki ya fito. Irin wannan na'ura ce ta ba jiragen Apollo wuta a hanyarsu ta zuwa duniyar wata, kuma ruwan da take fitarwa shi 'yan sama-jannatin suke sha.

To ina matsalar take? Tana cikin lissafi, kuma duk mai mitar kati a gida zai gane shi. Kafin a fitar da kilo ɗaya na haidurojin daga ruwa sai an ci yunit 50 zuwa 55 na lantarki. Ƙarfin da za a iya amfana da shi a wannan kilon wajen yunit 33 ne. Idan aka zo mayar da shi lantarki, sai a sake rasa kusan rabi. A ƙarshe abin da ya dawo hannunka bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ka zuba ba. Batir kuwa, irin wanda muke haɗawa da sola, yana dawo maka da kashi 80 zuwa 90 cikin 100. Haidurojin kamar ɗan garuwa ne: ba shi ya haƙa rijiyar ba, ɗauko ruwan kawai yake yi, kuma jarkokinsa suna yoyo a hanya. Shi ya sa kwalbar da ake ɗaura wa janareta ba za ta taɓa aiki ba. Wutar da za ta raba ruwan daga janaretan take fitowa, kuma kullum ta fi wadda haidurojin ɗin zai mayar.

Motocin haidurojin na gaske suna nan. Toyota ta fito da Mirai a 2014, kuma aikin injiniyoyinta abin yabo ne. Sai dai haidurojin shi ne mafi rashin nauyi a duk sinadarai, don haka kafin ya isa tafiya mai nisa sai an danna shi a tanki da matsin da ya kai kusan ninki 300 na iskar tayar mota. In kuwa ana so ya zama ruwa-ruwa, sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili. Gina tashar sayar da shi da tsada, kula da ita ma da tsada. A farkon 2024 kamfanin Shell ya rufe tashoshinsa na ƙananan motocin haidurojin a Kalifoniya. A Jamus, jihar da ta fara ɗaukar fasinja a jirgin ƙasa mai haidurojin a 2018 ta bayyana a 2023 cewa masu batir za ta saya don sauran hanyoyinta, saboda sun fi sauƙin kuɗi. A ganina, batun ƙaramar mota an gama shi, batir ya yi gaba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne duniya ta daɗe tana samar da haidurojin mai tarin yawa, wajen tan miliyan 95 a shekara. Wanda ake samarwa ta hanya mai tsafta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sauran daga iskar gas da kwal da mai ake fitar da shi. Ana haɗa gas da tururi mai tsananin zafi, haidurojin ya fito, iskar kabon dayoksaid mai ɗumama duniya ta fito, kilo 9 zuwa 10 a kan kowane kilo ɗaya na haidurojin. Jimillar wannan iska ta kai wajen tan miliyan 900 a shekara, fiye da abin da ƙasar Jamus gaba ɗaya take fitarwa. Kuma ba motoci ne suke shan wannan haidurojin ba. Matatun mai ne suke tsabtace fetur da dizal da shi, sai kuma masana'antun taki.

Nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Ina noman masara da damina a wani ƙauye kusa da Funtuwa, kuma kamar kowa, idan masara ta kai gwiwa hankalina yana kan yuriya. Wanda ya taɓa damƙar ta da jiƙaƙƙen hannu ya san sanyin nan da take yi tana narkewa. Wanda ya taɓa watsa ta a sarari bai binne ba, rana ta buga, ya san warin nan mai hawa kai da ke tashi bayan kwana biyu. Wannan warin amoniya ne, kuma kuɗinka ne yake bin iska. Amoniya kuwa abu biyu ne aka haɗa: naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu, da haidurojin. Fritz Haber ne ya gano yadda za a tilasta musu haɗuwa a 1909, Carl Bosch ya mayar da abin masana'anta a Oppau ta Jamus a 1913. Ana buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani da ƙarfe a matsayin mai zuga haɗuwar. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da abincin da wannan taki ya noma suke rayuwa.

Na zauna na yi lissafin buhu ɗaya mai kilo 50, wanda aka rubuta wa 46 a jiki. Kafin a yi shi sai an sami wajen kilo 28 na amoniya, kuma wannan amoniyar tana cin kusan kilo 5 na haidurojin. Sannan sai a haɗa amoniyar da wajen kilo 36 na kabon dayoksaid, su zama farar ƙwayar nan da muka sani. Ke nan duk buhun da ka ɗora a kan babur daga kasuwa, ka ɗauko aikin haidurojin da aikin sarrafa iskar kabon a lokaci guda. Masana'antar Dangote da ke Ibeju-Lekki a Legas, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, da ta Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal, duk da iskar gas suke fitar da nasu haidurojin ɗin.

Inda za a sami waɗannan kilo 5 daga ruwa da hasken rana, abin da ake buƙata bai wuce yunit 250 zuwa 275 na lantarki ba, da ruwa mai tsafta aƙalla lita 45, ban da na sanyaya injina. Rana dai muna da ita har ta yi mana yawa. Kuma kada wani ya ce wannan mafarkin Turawa ne, don an yi shi a Afirka tun kafin a haifi yawancinmu. A Aswan ta Masar, masana'antar KIMA ta fara yin taki a 1960 da haidurojin da aka raba daga ruwa da wutar madatsar kogin Nilu. A Kwekwe ta Zimbabuwe, kamfanin Sable ya yi haka da wutar madatsar Kariba daga shekarun 1970 har zuwa 2015. Norwe ma da haka ta yi takinta shekaru da dama. Arahar gas da tsadar wutar lantarki ne suka kashe waɗannan hanyoyi, ba gazawar fasaha ba. Yanzu da farashin allunan sola ya faɗi ƙasa warwas, an fara waiwayar su. A Kenya, kusa da Naibasha, wani kamfanin gonakin 'ya'yan itace ya kafa ƙaramar na'ura a 2023 da ke yin wajen tan ɗaya na amoniya a rana da wutar sola, a gonar ake yi, a gonar ake zubawa.

Gaskiya ce, a yau haidurojin na sola yawanci ya ninka na gas tsada sau biyu ko fiye, kuma Najeriya ƙasar gas ce, har tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a banza a rijiyoyin mai. Ba na cewa a rufe masana'antun da muke da su. Amma na ga abin da ya faru a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin gas, masana'antun amoniya na Turai suka rage aiki, kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabi a ko'ina. Mu da ake yin takin a ƙasarmu ma mun ji a jikinmu. Na san manoman da suka saba zuba buhu huɗu suka koma biyu, wasu suka bar masara suka koma waken suya da dawa. Ga kuɗin tirela daga bakin teku zuwa nan, balle 'yan'uwanmu na Nijar da ba su da teku, takinsu sai ya ratso ƙasar wani. Takin da za a yi kusa da gona, da rana da iska da ruwa, farashinsa ba ya jiran labarin yaƙin wata nahiya. Idan har jami'o'inmu za su sa hannu a binciken haidurojin, a nan nake so su sa, ba a kan mota ba.

Akwai wani ƙulli a nan da ya kamata in faɗa. Masana'antar da ke aiki da gas tana samun kabon dayoksaid ɗin yin yuriya a cikin gidanta, don shi ne sharar aikinta. Mai aiki da sola ba ta da shi, sai ta nemo. Kuma muna da inda yake fita dare da rana: masana'antun siminti. Fiye da rabin iskar da suke fitarwa daga jikin farar ƙasar da ake gasawa take fitowa, ko da wace irin wuta aka gasa ta. Ga Kalambaina a Sakkwato, ga Ashaka a Gombe, ga Obajana a Kogi, ga Malbaza a Nijar. Hayaƙin bututun siminti da haidurojin na rana, in aka haɗa su, buhun yuriya ne.

Manyan ayyukan da ake ta yayatawa kuwa, yawancinsu don fitarwa waje ake gina su. Na NEOM a Saudiyya, na dala biliyan 8.4, an tsara shi ya riƙa yin tan 600 na haidurojin a rana, a mayar da shi amoniya a loda a jiragen ruwa. Na Hyphen a Namibiya, kusa da Luderis, an ƙiyasta shi a kan dala biliyan 10, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su da lantarki a gida, kuma take sayo fiye da rabin wutarta daga maƙwabta. Wannan yana damuna. Bankin Duniya ya ce a 2021 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wuta. Duk allon solar da aka kafa a ƙasa irin tamu, asibiti da makaranta da injin niƙa su suka fi cancanta da wutarsa kafin jirgin da zai kai ta Turai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan taki, wurin da haidurojin ya burge ni shi ne ƙarfe. Ana amfani da kwal ne wajen zare oksijin daga tama, kuma haidurojin yana iya yin wannan aiki ya bar tururi kawai. Aikin HYBRIT na Suwidin ya kai wa kamfanin Volvo irin wannan ƙarfe na farko a watan Agustan 2021.

Sai batun mayar da iskar kabon abin amfani, wanda shi ma ake ta kururutawa. Tushensa tsoho ne. A 1897 Paul Sabatier na Faransa ya nuna yadda ƙarfen nikel yake zuga haidurojin ya haɗu da wasu sinadarai, kuma da wannan hanya ake mayar da kabon dayoksaid ya zama iskar gas da ruwa. An yi amfani da ita a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa daga 2010, ana samo ruwa daga numfashin da 'yan sama-jannati suka fitar. A Aisilan, masana'antar George Olah ta fara aiki a 2012, tana haɗa kabon da haidurojin ta yi metanol, wani ruwa mai cin wuta, daga baya ta kai wajen tan 4,000 a shekara. A Anyang ta Sin an buɗe wadda ta fi ta girma a 2022, mai tan 110,000. A kudancin Cile, inda iska ba ta hutawa, masana'antar Haru Oni ta fara yin fetur na haɗi a watan Disambar 2022, da hannun kamfanin motoci na Porsche a ciki. Abin da aka tsara ta yi a shekara lita 130,000 ne, wato tankokin mai huɗu masu lita 33,000.

Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe a nan. Na farko, kabon dayoksaid shi ne abin da ya rage bayan an ƙone mai an kwashe ƙarfinsa. Kafin ya sake zama mai, sai an mayar masa da duk wannan ƙarfi har da ƙari, kuma ta hanyar haidurojin ake mayarwa. In haidurojin ɗin daga gas ko kwal ya fito, to an yi ba a yi ba. Na biyu, duk man da aka haɗa, ranar da aka ƙone shi kabon ɗin sama zai koma. Haka ma na yuriya: kilo 36 ɗin nan suna fita daga ƙasar gona cikin 'yan kwanaki bayan an zuba. Aro ne aka yi, ba ajiya ba. Duk da haka aron yana da rana a inda batir ya gaza saboda nauyi, wato jiragen sama da manyan jiragen ruwa. Kamfanin Maersk ya ƙaddamar da jirgin dakon kwantena na farko mai iya tafiya da metanol a 2023.

Ajiya ta gaske sai a ƙarƙashin ƙasa. Norwe tana tura kabon dayoksaid ƙarƙashin teku a Sleipner tun 1996. A Aisilan, aikin Carbfix yana narkar da iskar a ruwa ya tura cikin baƙin dutsen aman wuta, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna fiye da kashi 95 cikin 100 sun zama dutse cikin shekara biyu. Wannan abu yana ba ni sha'awa matuƙa. Amma a duba girman aikin. Masana'antar Mammoth ta kamfanin Climeworks, wadda aka buɗe a 2024 don tsotso kabon kai tsaye daga iska, an gina ta don tan 36,000 a shekara. Duniya kuwa tana fitar da wajen tan biliyan 37 daga ƙona mai da gas da kwal. Sai an gina irinta miliyan ɗaya kafin a yi kunnen doki. Kuma har yau, mafi yawan kabon da ake kamawa a duniya cikin tsofaffin rijiyoyin mai ake tura shi don a tatso ƙarin mai. Saboda haka duk wanda ya ce a ci gaba da ƙonawa tun da akwai na'urar kwashewa, ban yarda da shi ba.

Akwai labari ɗaya da ya karya ƙa'idar da na faɗa cewa sai an kashe wuta kafin a sami haidurojin, kuma a yankinmu na Sahel ya faru. A 1987 masu haƙar rijiya sun yi aiki a ƙauyen Burakebugu, wajen kilomita 60 daga Bamako a Mali. Sun haƙa fiye da mita 100 ba ruwa, sai wata iska da ke fitowa daga ramin. Wani ya leƙa da taba a bakinsa, wuta ta tashi ta ƙona shi, Allah ya sa da sauran kwana. Wutar ta yi makonni tana ci ba hayaƙi kafin a kashe ta a toshe ramin. Shekaru fiye da 20 bayan haka, kamfanin ɗan kasuwar nan Aliou Diallo ya buɗe rijiyar, aka auna iskar a 2012, aka tarar kashi 98 cikin 100 haidurojin ne. Aka gyara wani injin Ford ya riƙa shan sa, aka jona da janareta mai kilowat 30, ƙauyen ya ga lantarki karo na farko. Masana ilimin duwatsu suna ganin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne yake haɗuwa da duwatsu masu ƙarfe, haidurojin yana fita da kansa. Wannan rijiya ta Mali ce ta sa kamfanoni suka bazama neman irinsa a Amurka da Ostireliya da Faransa, inda aka ci karo da shi a yankin Loren a 2023.

Shekara da shekaru ana haƙa a duniya ba a auna haidurojin, don ba wanda yake tsammaninsa. A Arewa da Nijar kuwa kullum injinan burtsatse suna kan aiki, daga unguwa zuwa unguwa. Ina da tsofaffin ɗalibai a cikin masu wannan sana'a, kuma abin da nake gaya musu shi ne: idan rami ya fara hura iska, a kashe inji, a nisantar da wuta da taba da yara, kada a gwada da ashana don yana iya zama kowace irin iska mai haɗari, a rubuta wurin da zurfin, sannan a sanar da hukuma da sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa su zo da na'urar awo.